Allurar Saje Jatau

A Obalende, bayan bariki, inda kwata ke cika ta tumbatsa da damina,
akwai wata rumfar kwano da keken ɗinki na ƙafa.
Nan kakana ya zauna shekara talatin da 'yan kai,
yana ɗinkin kaki, goro a kumatu, ba ya son dogon zance.

Daga Apapa jirgin ruwa ya ɗauke shi yana ɗan sha tara,
zuwa Bama, dajin da rana ba ta taɓa ƙasa.
Ya dawo da lambobi uku a gwangwanin madara,
da zazzaɓin da ke ziyartarsa duk shekara kamar mai bin bashi.
Waɗanda ba su dawo ba yana kiransu bayan sallar asuba:
Barmo, Ɗan'azumi, da Akanbi mai busa bigila.
Yakan ce, kabarinsu na can,
amma ni ne maƙabartarsu.

Sai yaƙi na biyu ya zo, wanda ba a haye teku dominsa ba.
Horo ɗaya, fareti ɗaya, rantsuwa ɗaya.
Yaron da ya koya wa ɗaurin takalmi a Zariya
shi ne ke hakonsa daga ƙetaren kogi.
Wannan yaƙin ba ya cikin gwangwani.
In ka tambaye shi, sai ya ce, miƙo min almakashi.

Da bindiga ta yi shiru aka sallame shi, ya kafa keke.
Wata safiya inuwa ta tsaya a bakin rumfa,
ramamme, wuya kamar mariƙin lema.
Kofur Nwokedi.
An mayar da shi bakin aiki, an ba shi kaki
da zai ɗauke mutum biyu irinsa.

Suka dubi juna har shayi ya huce.
Kakana ya zaro awo daga wuyansa, ya ɗora a kafaɗar
da ya taɓa nema ta bakin bindiga.
Ya ce, ka rame.
Ya ce, kai ma ka tsufa, Saje.
Ba wanda ya ce yafe mini.
Keke ne ya yi sauran maganar har azahar.

Ya rage ƙugu, amma bai yanke yadin ba,
ya naɗe shi ciki, kalmasa mai faɗin tafin hannu.
Ya ce, za ka murmure, in lokaci ya yi a saki.
Bai karɓi ko sisi ba.
Ranar Lahadi sai ga doya biyu da manja a kwalba,
ba takarda, ba suna.

Yau tsakiyar Janairu. Manya sun ajiye furanni,
an harba bindiga sama, an saki tantabaru,
ɗaya ta ƙi tashi, yara suna dariya.
Ina cikin sahu, igiya ɗaya a hannuna,
na dama da ni 'yar Owerri ce, na hagu ɗan Ogbomoso,
gumi iri ɗaya ke bin bayanmu.
Albashi ya makara, rufin ɗakinmu na yoyo,
ban ce komai ya gyaru ba.

Da aka tashi na bi ta ƙarƙashin gada.
Rumfar ta zama wurin cajin waya,
'yan kamasho na ihu, hayaƙin mota ya rufe wurin.
Ba wanda ya san Saje Jatau.
Na girgiza gwangwanin a jakata, lambobin suka amsa.

Sannan na sa yatsa cikin ƙugun wandona,
na laluba.
Telan barikinmu, ko wane ne ya koya masa,
shi ma ya bar kalmasa.